Igiyar Gugan Tabawa da Sarakunan Aljanu Shida

Sau huɗu aljanu suna ɗauke ni da tsakar rana, sau huɗu suna dawo da ni ko ƙwarzane babu. Na biyar ɗin ni na kai kaina. Kada wanda ya tambaye ni launin biranensu, don ni makaho ne tun ina goye. Sunana Cindo, saboda yatsu shida-shida da na zo da su. Sana'ata tufkar igiya a Kwarin Rama, kuma duk ƙasar nan in ka ga igiyar da ta gagari ingarma, to a cinyata aka murza ta. Ba cika baki ba ne, ku je ku tambaya.

Wata rana ina zaune a zaure na jiƙa rama, rana ta take, sai na ji sallama daga can saman azara.

"Aminci ya tabbata gare ka, ya kai ɗan Adam mai yatsu goma sha biyu. Ni ne Hurhuru, manzon sarakunan aljanu. Sarkin Dutse da Sarkin Wuta za su ƙulla amana, suna buƙatar igiyar rantsuwa. Mu rama ba ta zama a hannunmu, ko ta ƙone ko ta ruɓe. An zaɓe ka don ka iya, an kuma zaɓe ka don ba ka gani."

Na ce, "Wa alaikumus salamu. Sauko ƙasa mu gaisa. Rashin ido bai sa a yi mini magana ta saman kai ba."

Ya sauko muka gaisa, hannunsa kamar ka kama tururin tukunya. Na ce ya jira ni in shiga gida.

To, a gidanmu ba a fara igiya da sabuwar rama zalla. Haka babana ya koya mini, shi ma haka ya tarar. Sai ka zari sili ɗaya daga tsohuwar igiyar da ta sha aiki ba ta tsinke ba, ka murza shi cikin sabuwar, kamar yadda ake zuba ɗan nonon jiya a madarar yau don ta kama. Muna ce masa uwar igiya. Saboda haka na laluba bakin rijiyar gidanmu, na zari sili daga igiyar guga na cusa a aljihu. Matata Tabawa tana daka, ta ce, "Malam, me kake yi wa igiyata?" Na ce ina duba lafiyarta ne. Ta yi tsaki ta ci gaba da dakanta.

Hurhuru ya shigar da ni ta wata tsaga a jikin dutsen da ke bayan gari. Muka yi ta tafiya a karkace, dutse na gogar ƙirjina da bayana, har sai da na ji numfashina na neman ɗaukewa. Muka fito wani wuri inda kowace tsakuwa da na taka sai ta ce, "Wayyo, wane ne?" Na yi ta ba su haƙuri har bakina ya bushe. A ƙofar birni wani mai gadi ya ce bai yarda makantata ta gaske ba ce. Ya kawo mashin wuta dab da idona, har gashin girata ya yi ƙauri. Na ce, "Bawan Allah, in gashi kake so, ai sai ka kawo masara." Ya bushe da dariya ya buɗe.

Muryar Sarkin Dutse kamar ana jan turmi a kan daɓe. Ta Sarkin Wuta kuwa ƙas-ƙas take yi, irin ta kara a murhu. Shi ne ya yi mini gargaɗi.

"Ya kai ɗan Adam, ga rama sabuwa fil. Da ita kaɗai za ka tufka. Duk wanda ya haɗa wani abu a igiyar rantsuwa, hannuwansa biyu abincina ne."

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Wallahi na ji ɗin. Amma shekara arba'in hannuna yana abu ɗaya. Kafin kaina ya gama tunani, yatsuna sun shiga aljihu, sun murza uwar igiya ciki, ta ɓace. Ban gaya wa kowa ba.

Aka raba igiyar biyu, kowa ya ɗaura rabi a wuya, suka rantse da murya ɗaya: "Duk wanda igiyar nan ta haɗa ni da shi, ɗan'uwana ne. Wanda ya taɓa shi ya taɓa ni. In na ƙi taimakonsa, ko na ɗaga masa hannu, ta shaƙe ni." Suka kuma yarda cewa in ɗaya ya hangi haɗari, zai ja igiyarsa, ɗayan ya ji a wuya, ya ƙara shiri.

Ba a yi wata uku ba sai ga Hurhuru. Sarauniyar Ruwa da Sarkin Iska sun ji ƙishin-ƙishin waɗancan biyun sun haɗa kai, hankalinsu ya tashi, su ma suna son tasu igiyar. Na sake zarar sili. Na ce a raina, ai igiyar da ba uwa ba igiya ba ce, kuma tunda na farko bai tonu ba, wannan ma Allah zai rufa asiri. Wannan karon ta tafki muka nutsa, an kifa mini ƙwarya a ka don in sami numfashi. Wasu kifaye masu gemu suka yi ta shinshina ƙafafuna suna gardama ko ina ciyuwa. Na yi tufka a zaune kan bayan wani kunkuru da ya ce shi ne dandalin fada. Da aka zo rantsuwa sai Sarkin Iska ya ƙi zama wuri ɗaya, aka yi ta bin sa da igiya kamar za a kama ɗan akuya.

Daga nan ƙananan sarakuna suka tsorata su ma. Sarkin Tsamiya, mai mulkin aljanun tsamiyar bakin kwarinmu, ya nemi inuwar Sarauniyar Ruwa. Maƙwabcinsa Sarkin Suri, wanda fadarsa ke cikin surin da ke gindin tsamiyar, ya ruga wajen Sarkin Dutse. Igiya ta uku, igiya ta huɗu. Sili na uku, sili na huɗu. Igiyar gugan Tabawa ta rame ta zama abin tausayi.

Ta ce, "Malam, wai kai da kake yi wa duniya igiya, tawa sai ta tsinke guga ya faɗa tukuna? Ran da na gaji, murhu zan cusa ta."

Na ce, "Gobe zan yi miki sabuwa." Wannan goben ta shekara biyu ba ta zo ba.

Sai ga wata bazara mai zafi. Rijiyoyin Kwarin Rama duk suka ƙafe, ban da tamu. Gidanmu ya koma kasuwa, tun safe har yamma mata da maza suna jan ruwa. Muna cikin haka, ran wata Laraba da azahar, Hurhuru ya faɗo zaurena ko sallama babu.

"Ya kai Cindo, ɗauki matarka ku gudu. Gara ta Sarkin Suri ta ci saiwar tsamiya, reshe ya faɗo ya rushe hasumiyar suri. Sarkin Suri ya kira Sarkin Dutse, Sarkin Dutse ya kira Sarkin Wuta. Sarkin Tsamiya ya kira Sarauniyar Ruwa, ita ta kira Sarkin Iska. Runduna huɗu sun kewaye kwarin nan. Gobe da hantsi za a gwabza, kuma garinku ne tsakiyar fili."

Na ce, "Kan reshe ɗaya? Haba! Su ba su da manya ne?"

Ya ce, "Babu mai so a cikinsu. Amma wanda ya noƙe, igiya ta shaƙe shi. Kuma shekara biyu ke nan kullum safe da la'asar kowannensu yana jin ana jan igiyar wuyansa. Kowa na zaton amininsa ne ya hangi haɗari, sai ya ƙara dakaru. Ɗaya ɓangaren ya ga an ƙara, shi ma ya ƙara. Ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa, don kada a ce tsoro ya ji. Da bazarar nan ta shigo kuwa, jan ya zama kusan duk wuni, shi ya sa kowa ya fito da duk abin da ya mallaka."

Na ce, "Safe da la'asar ka ce? Akwai ran da aka taɓa fashi?"

"Kwana uku a bara. Har sarakuna suka zaci an yashe su."

Kwana ukun da Tabawa ta tafi sunan 'yar ƙanwarta ke nan! Innalillahi. Ashe duk rundunonin nan gugan matata ne ya tara su.

In na yi shiru na ja hannun Tabawa muka gudu, gari ya ƙone da tsofaffinsa da jariransa. In na je na faɗi gaskiya, Sarkin Wuta ya ci hannuwana, kuma makahon da ba hannu sai dai a kwantar a tayar. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro na ji ƙwarai, har na fara laluben takalmina da niyyar gudu. Sai na jiyo maƙwabciyarmu Inna Gambo a tsakar gida, tsohuwar da ba ta iya ko kai wa bakin kasuwa, tana sa wa Tabawa albarka kan tulu ɗaya na ruwa. Na sa takalmin, na ɗauki sandata.

Na ce, "Hurhuru, kai ni wajensu."

Ya ce, "An hana manzo shiga tsakani. Iyakata gindin tsamiya, daga nan sai ƙafarka."

A gindin tsamiya ya buɗe mini wata ƙofa da ban san da ita ba, ya tura ni. Na faɗa sansanin Sarkin Iska. Guguwa ta sure ni ta yi ta juyi da ni, dakarunsa na jefa ni hannu zuwa hannu suna shewa. Na ƙanƙame sandata na ce, "Ku bi a hankali, ni na tufka abin da ke wuyan ubangidanku!" Suka dire ni tim. Na shiga rundunar ruwa, wadda ta tsaya tsaye kamar bango, sanyi ya kai mini har haƙora. Wani kada mai sulke ya tare ni ya ce ba mai wucewa sai ya faɗi ɓangaren da yake. Na ce, "Ɓangaren matata nake." Ya tsaya yana nazarin ko wace sarauniya ce wannan, na raɓa ta gefensa na wuce. Sansanin wuta ne ya fi ba ni wuya. Ƙasa ta yi zafi har takalmina ya narke ya manne, na bar shi a nan. Allah ya taimake ni rigata a jiƙe take, na tuɓe na yaga biyu na naɗe ƙafafuna, na yi ta tsalle kamar kwaɗo har na kai wani faffaɗan dutse inda na jiyo muryoyin sarakunan shida. Sun taru ne don shata wa juna lokacin fara yaƙi, don su aljanu ko kashe juna za su yi sai sun bi ƙa'ida.

Na faɗi na yi gaisuwa. "Allah ya ja zamaninku. Cindo ne mai igiya. Na zo da laifi a bakina."

Sarkin Dutse ya ce, "Faɗi, ya kai ɗan Adam, ka taƙaita."

Na faɗa musu komai, ban rage ba. Uwar igiya, da aljihuna, da rijiyar gidanmu. Na ce, "Igiyoyin nan huɗu da ke wuyanku uwarsu ɗaya, kuma wadda ke ja muku wuya kullum ba wani sarki ba ne. Tabawa ce ke ɗiban ruwa."

Sai na ji zafi ya matso ni.

Sarkin Wuta ya ce, "Ko ƙarya kake don ka ceci garinku, ko gaskiya ka faɗa ka ci amanata. Ko wanne ne, miƙo hannuwan."

Sarauniyar Ruwa ta ce, "Dakata. Ya kawo shaida tukuna. Ya kai ɗan Adam, mene ne shaidarka?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, tun azahar kun ji an ja?" Suka ce a'a. Na ce, "Ai da ma Tabawa kan rufe gida ta huta har la'asar. Da an kira salla za ta ja guga bakwai ta cika randa. Sai ta tsaya ta yi gulma da maƙwabciya ta kan katanga. Sannan ta ja na takwas, na akuya. In ba haka aka yi ba, ku haɗa da kaina."

Aka zauna jira. Na jiyo kiran sallar la'asar daga garinmu, siriri, can ƙasa. Aka idar. Shiru. Na ce a raina, yanzu za ta fito. Shiru. Inuwa ta fara sauka a kafaɗata, zufa ta jiƙa ni sharkaf. Shekara talatin matar nan ba ta taɓa makara da ruwan la'asar ba, sai yau da raina ke rataye da guganta!

Sarkin Wuta ya ce, "La'asar ta wuce." Ya kama wuyan hannuwana biyu. Na ji fata ta fara ƙauri, na runtse idon da ba ya gani, na yi kalmar shahada.

Sai kawai ya ce, "Hak!" ya sake ni. A lokaci guda sauran biyar ɗin ma suka ce, "Hak!" Na ji Sarkin Dutse da duk nauyinsa ya dungura gaba.

Na daka tsalle na ce, "Ɗaya!" Aka sake fizgar su. "Biyu!" Kafin a kai biyar dakarun da ke kusa sun kama ƙirga tare da ni. Aka kai bakwai, aka tsaya. Sarkin Iska ya ce cikin raɗa, "Gulmar ke nan?" Na ce, "Ita ce, ranka ya daɗe, yau ma kamar da labari." Muka jira, muka jira. Can sai ga na takwas, ɗan ƙarami. Runduna huɗu suka ɗauka gaba ɗaya, "Na akuya!"

Sarauniyar Ruwa ce ta fara magana. "Idan igiyar ɗaya ce, to rantsuwar ɗaya ce. Ya Sarkin Wuta, ashe shekara biyu kai ɗan'uwana ne ban sani ba. Da na ɗaga maka hannu gobe, da ta shaƙe ni kafin in sauke."

Sarkin Dutse ya yi wata ajiyar zuciya da ta sa tsakuwoyi gangarawa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wata bakwai rabona da runtsawa. Ni da ma me ya haɗa ni da reshen tsamiya?"

Sarkin Suri ya fara ƙunƙuni kan hasumiyarsa, Sarkin Dutse ya daka masa tsawa ya ce garar da ta ci saiwa ita za ta sake gini, Sarkin Tsamiya kuma ya ba da inuwa kyauta. Magana ta mutu a nan.

Sarkin Wuta dai bai huce ba. Ya ce, "Yaƙi ya faɗi, na yarda, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba. Amma wannan ya saɓa umarnina. Hannuwansa nawa ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga su. Sai dai ina tuni. Uwar igiyar nan tana rijiyar gidana. Ni na tufka ta, matata ke jan ta, kuma a bazarar nan babu gida a Kwarin Rama da hannunsa bai riƙe ta ba. Ban sani ba ko mu ma ta haɗa mu da ku."

Na ji ya ɗaga hannu a hankali don ya gwada, sai ga shi yana tari yana kama wuya. Sarkin Iska ya fashe da dariya har hulata ta tashi.

Sarauniyar Ruwa ta ce, "Ya kai ɗan'uwanmu Cindo, koma gida lafiya. Wanda ya taɓa Kwarin Rama ya taɓa mu shida. Amma ka ji wannan da kyau: muddin uwar igiyar tana nan, amanar tana nan. Ran da ta ƙone, kowa ya koma inda ya fito."

Ta ƙone! Na tuna maganar murhun Tabawa. Na ce, "Hurhuru, don girman Allah, gida, yanzu-yanzu!"

Ya dire ni a zaure kafin rana ta faɗi. Na shiga da gudu ba takalmi ba riga, na yi karo da turmi, na laluba bakin rijiya. Tana nan. Siririya, jiƙaƙƙiya, duk ta tsattsage, amma tana nan. Na rungume ta na zauna a ƙasa, hawaye suka zubo mini, ban ji kunyar kowa ba.

Tabawa ta fito daga madafa ta ce, "Ikon Allah! Malam, ina rigarka? Me ya sami hannunka? Kuka kake yi wa wannan matacciyar igiyar?"

Na ce, "Me ya sa kika makara da ruwan la'asar yau?"

Ta ce, "Kai ma ka tambaya! Kwance ta na yi, na gaji da ita. Har na kai ta bakin murhu, wuta ta lashi bakinta, taɓa nan ka ji. Na shiga zaure neman sabuwar da kake ta yi mini alkawari, na birkice ko'ina, ko taku ɗaya ban samu ba. Dole na dawo na ciro ta na sake ɗaurawa, ina yi ina ambaton sunanka, kuma ba da alheri ba."

Na shafa wurin da wutar ta lasa, ya yi ƙauri, bai fi faɗin yatsana na shida ba. Na yi hamdala har sau uku.

Washegari tun da safe na tufka mata sabuwar igiya, mai kauri, irin wadda ban taɓa yi wa wani sarki ba. Tsohuwar kuma na naɗe ta na sa a tukunya na rufe da faifai, na ɗora a kan rumbu inda ko ɓera ba ya kaiwa. Tabawa ta ja sabuwar sau biyu ta ce ta yi.

Sai ta tsaya, ta ce, "Malam, wannan da wace uwar ka fara ta?"

Hannun nan nawa dai ba ya jin magana, ya riga ya zari sili daga tsohuwar ya murza a ciki. Na ce, "Tabawa, ki dai riƙa ja a hankali. Akwai masu jin ki a wuya."